Shekarar da Zauren Kawu Ya Rasa Man Shanu

Ranar da Kawu ya rasu nama ya yi wuya a Tawa. Babu wanda ya ba da umarni. Labari ne kawai ya isa kasuwa da hantsi, sai kowane mahauci ya goge wuƙarsa, ya lulluɓe teburinsa da buhu, ya bar wa maƙwabcinsa mai albasa tsaro, ya nufo gidanmu. Kafin azahar lungun ya cika da babura har mai amalanke ya rasa inda zai bi. Na ga ƙattin da ke kayar da bijimi su biyu suna kuka, suna share hanci da hannun riga. Dukansu a hannunsa suka koyi riƙon wuƙa, kuma dukansu Baba suke ce masa.

Mata kuwa ayari-ayari suke shiga wurin Inna, matarsa. Abin da ya ba ta mamaki, rabinsu ba ta san su ba, amma maganarsu ɗaya ce. Kowacce sai ta ce lokacin da ta haihu, kafin a yi suna, an kawo mata ƙafafun sa na ƙauri, ba ta roƙa ba, aka ce daga Baba. Wata daga bayan tasha, wata daga ƙauyen da ba mu taɓa jin sunansa ba. Da abin ya yi yawa sai Inna ta tafa hannu, hawaye na zuba, ta ce, "Ikon Allah! Shi ya sa ban taɓa ganin ƙahwar sa cikin tukunyata ba sai in ni na haihu!" Ɗakin ya ɗauki dariya, ita ma ta yi.

A waje ma haka zaman makokin ya kasance. A kan tabarmar gaba akwai tsofaffi uku, abokan cin tuwonsa. Ladan na masallacin unguwa, da Tela ɗan Maraɗi wanda ya tsufa a Tawa, da Dillali, dogon mutumin arewa mai naɗin rawani wanda ya ƙare rayuwarsa a kasuwar raƙuma. In aka shafa fatiha sai a yi shiru, can sai ɗaya ya ce "kun tuna ranar da", shi ke nan kafaɗu su kama rawa. Wani malami baƙo ya haɗe rai, ya yi gyaran murya. Ladan ya dube shi ya ce, "Malam, yi muna haƙuri. Mun gwada kukan tun da sahe. Dut wanda ya ambace shi, dariya ka riga hawaye hitowa."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Daga Takanamat aka kawo ni gidansa don karatu, a nan na girma, yanzu ina koyar da ilimin halittu a koleji. Tun ranar da na fara aiki bai sake kiran sunana ba, sai Mushe, yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan. Ina rubuta wannan ne don na lura jikokinsa ƙanana sun san shi a matsayin tsoho mai sanda kawai, kuma wannan bai yi mini ba.

Kowa da abin da yake taƙama da shi. Kawu bai damu da sutura ba, bai damu da gini ba, rigarsa ta Juma'a ma sai Inna ta yi da gaske. Taƙamarsa zaurensa. Kullum bayan magariba ana fito da akushi ɗaya, ƙato, na tuwon hatsi da miyar kuka ko ta guro, wato kuɓewa, a girke a tsakiya. Abokan nan uku su zauna, ni in zauna, duk baƙon da Allah ya kawo ya zauna. Sannan a miƙo kwalbar soyayyen man shanu da mahaifiyata ke aikowa daga ƙauye. Wannan kwalba babu mai taɓa ta sai shi. Zai ɗaga ta sama, ya karkata, mai ya sauko siriri yana ƙamshin albasa, ya zagaya tuwon har gaban kowa ya samu, sannan ya ce, "Ku ci, ba a aje ma gobe komi ba." Ban taɓa jin ya canza kalma ɗaya a ciki ba.

Ko faɗa ba ya hana zaman nan. Wata shekara suka ɓata da Tela a kan wuyan riga. Kawu ya ce Tela ya matse wuyan, Tela ya ce wuyan rigar yana nan yadda yake, na mai rigar ne ya ƙaru. Suka daina magana har sanyi ya shiga ya fita, amma ko sau ɗaya Tela bai fasa zuwa cin tuwo ba, Kawu kuma bai rage masa mai ba. Hannunsu cikin akushi ɗaya, saƙo kuwa ta bakin Ladan. "Ladan, hwaɗa ma wancan ya ƙetaro iyaka, nan gabana na." "Ladan, ka ce masa tuwo ba gonar gado ba ce." Ranar da Ladan ya tafi suna ƙauye aka rasa mai kai saƙo, dole Kawu ya ce Tela ya miƙo masa yaji, faɗan ya mutu a nan.

To, wannan zaure ne ya kusa watsewa, kuma a kan wani abu da bai kai babban yatsa biyu ba.

Bayan wata Sallar Layya ciwon ya fara. Da ya ci abu mai maiƙo, a jima kaɗan sai ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa na dama, gumi ya keto, ciwon ya harba har kafaɗa. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya ce iska ce, ya ce shawara ce. Da ƙyar na lallashe shi muka je asibiti. Aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, aka ɗora na'urar eko, likita ya nuna mana allon ya ce tsakuwoyi ne a matsarmama, wadda mu a nan muke ce wa maɗaciya. Ya ce hanya biyu ce, ko a yi aiki a cire ta, ko ya rabu da mai da kitse.

Da muka dawo gida Kawu ya zaunar da ni a zaure. "Mushe, kai ka karantar da ɗiyan mutane wanga abu. Hwaɗa min. Ni tuwo nika ci, cikin tumbi shika tahiya. Ita maɗaciya tana can liƙe ga hanta. Wa ka gaya mata na ci mai?"

Rabona da samun ɗalibi mai tambaya irin wannan har na manta. Na share ƙasa da tafin hannu na zana masa. Na ce hanta ce ke yin ruwan ɗacin, ba ta hutawa, ita maɗaciya rumbu ce kawai, tana tara shi tana tsotse ruwansa har ya yi kauri. In abinci mai maiƙo ya bar tumbi ya shiga farkon hanji, sai bangon hanjin ya saki wani sinadari cikin jini. Jini ya kai shi wurin maɗaciya, ta matse kanta, a lokaci guda kuma ƙofar bututun da ke bakin hanji ta saki. Ruwan ɗacin ya zubo kan man ya farfasa shi, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, sannan jiki ya iya sha. In man ya wuce sinadarin ya ragu, ita kuma ta saki jiki ta koma tarawa. Nasa abin, in ta matse sai tsakuwa ta toshe bakin, tana turawa babu hanya, wannan shi ne ciwon.

Ya ƙura wa zanen ido. Sai ya daki gwiwarsa har na firgita.

"Shi ya sa! Ragon da ya kwana da yunwa, in ka buɗe shi maɗaciyatai tam take, awa ta hwashe. Wanda anka yanka bisa ƙoshi, sai ka ishe ta yaushi. Tun ina saurayi nika ganin haka, ban taɓa sanin aike aka kai mata ba! Mi as sunan abin?"

Na ce kolesistokinin.

"Wanga suna ya hi ƙarhin bakina. Ɗan aike na, shi ke nan."

Murna ya yi ta gaske, kamar ba cikinsa ake magana ba. Har ya kira Inna ya nuna mata zanen, ya maimaita mata bayanin, ya ƙara da nasa. Na ga fuska a sake sai na kawo zancen aiki. Nan take murnar ta ɗauke.

"A'a. Ni na san abin da wuƙa ka yi. Dut rayuwata ban taɓa ganin wanda anka kwantar anka buɗe ya tashi ya yi godiya ba."

Dillali ya sa baki da yamma, ya ce, "Barunje, kai da ka sha yanka raƙuma, ka taɓa ganin maɗaciya ga raƙumi? Ba ya da ita, ga shi shina ƙetare hamada." Barunje suke kiransa, wato mahauci, kuma su kaɗai ke da wannan izinin. Kawu ya ce, "Shi haka anka halicce shi, ba kwantar da shi anka yi anka cire ba." Mutumin da ya yi shekara da shekaru wuƙa na rataye a ƙugunsa, ashe ba abin da yake tsoro a duniya kamarta. A lokacin haushi ya ba ni, ban ɓoye masa ba.

Sai aka koma hanya ta biyu. Inna ta fito da akushi biyu, babba da mai na baƙi, ƙarami fari fat na maigida. Wanda bai san mu ba zai ce ai matsala ta ƙare. Amma a wurinmu mutum ba ya zama a zauren wani ya ci abin da ya fi na mai zauren daɗi, yana kallo. Loma ba ta wucewa. Kawu ya zuba musu mai da hannunsa, ya koma gefe da ɗan akushinsa, yana ta ku ci ku ci. Suka taɓa kaɗan, Ladan ya ce ya sha fura da yawa, Tela ya ce haƙori, aka wanke hannu. Akushin ya koma cikin gida kusan yadda ya fito, abin da bai taɓa faruwa ba.

Na ce to a yi akushi ɗaya ba mai, kowa ya ci. Ya dube ni kamar na zage shi. "In aje ma baƙona tuwo ba mai? Ni? A ji cikin gari?" Wannan ma a wurinsa ba ta taso ba.

Sai ya ce a maido akushi ɗaya da mai kamar da, shi ya san yadda zai yi da ɗan aike. Nan muka ga dabaru. Ya ci daga gefe inda man bai kai sosai ba. Ya haɗiye loma da sauri ba taunawa, wai kafin ɗan aike ya farga. Ya bi ta da fura mai yawa don ta lulluɓe. Na ce, Kawu, ɗan aiken nan ba a baki yake zaune ba, yana can bayan tumbi, hanya ɗaya ce kuma ta gabansa ta bi. Ya ce, "Haba Mushe, ko jandarman hanyar Tabaram shina gyangyaɗi wata rana." Wannan bai yi gyangyaɗi ba. Wata magariba ciwon ya kama shi a gabansu, ya dunƙule a kan tabarma yana salati, Tela na yi masa fifita.

Daga ranar suka ɗauke ƙafa. Ba fushi ba ne. Sun ga in sun zo da akushi biyu ba za su iya ci ba, in sun zo da akushi ɗaya su ne za su kashe shi. Suna gaisawa a masallaci, su tambayi jiki, kowa ya kama hanyar gidansa.

Ban taɓa ganin Kawu haka ba. Ciwon ya lafa tunda ba ya cin mai, amma mutumin ya zube. Bayan magariba zai sa a shimfiɗa tabarma kamar kullum, ya zauna yana fuskantar ƙofa. In ya ji takun sanda sai ya gyara zama, in takun ya wuce ya koma ya jingina. Ni da shi muke ci, ni kuma ban iya hira ba, in na buɗe baki darasi ke fitowa. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ɗana, tsakuwa ba ta kashe Malam. Zauren ga shi ka kashe shi." Na ji tsoro ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa.

Ana cikin haka, farkon damina, sai ga su sun yi sallama su uku a jere, fuska a murtuke kamar masu kawo labarin rasuwa. Suka zauna. Ladan ya yi gyaran murya ya ce ya je likita, an auna shi, an ce jininsa ya hau, ko ƙamshin mai kada ya shaƙa. Tela ya ce shi ma haka, suga ce ta kama shi. Aka dubi Dillali. Da alama bai shirya nasa ba, ya yi ta juya ido a cikin rawani, can ya ce, "Ni... gwiwa ta." Ladan ya yi maza ya ce saboda haka sun zo neman alfarma. A gidajensu mata ba su jin magana, sai sun zuba mai. Ko Barunje zai taimaka ya riƙa ba su tuwo irin nasa?

Kawu ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Assha. Allah shi sawwaƙe. Ai baƙo abin da ya roƙa shi aka ba shi." Ya ɗaga murya ya ce a kawo babban akushi.

Zaure ya dawo. Ni na yarda da zancen Ladan da na Tela, tsufa ne, gwiwar Dillali ce kawai ban gane ba. Tuwo ba mai, miya ba kitse, amma hira har ta fi ta da. Kawu ya mayar da kumatunsa, faɗa da Tela ya dawo. Har yakan yi musu darasin ɗan aike, ya ce nasu ma yanzu ya samu hutu. Abu ɗaya na lura, cin su ya ragu, loma kaɗan sai su ce alhamdulillahi. Na ɗauka rashin man ne.

Wata la'asar ina kan kabu-kabu daga koleji, muka biyo ta bakin tasha. Akwai mai tsire a wurin, da zana a kafe bayan tukubarsa. A ƙarƙashin zanar na hango takalma ƙafa uku da gindin wata sanda da na sani. Na ce mai babur ya tsaya. Na zagaya. Ga su nan a tsugune kan buhu, takarda a tsakiya, tozo da kitsen ƙoda na ta naso. Ladan ya kai yanka bakinsa ke nan muka haɗa ido.

Babu wanda ya motsa. Can Dillali ya miƙo mini tsinke ɗaya, ya ce, "Mushe, zamna." Ladan ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Ɗana, ka ruhwa muna asiri. Lahiyarmu lau. Mun gwada mu haƙura gaba ɗai, wallahi ba mu iyawa. Nan muka cika ciki, mu tahi can mu taya shi zama." Na ci tsiren, ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Na yi musu alkawari, na kuma ji sonsu ya kama ni.

Haka aka ci damina, aka yi girbi. Sai wata magariba Kawu na cikin nishaɗi, tsiya na cinsa, ya ƙura wa Ladan ido ya ce, "Ladan, ni kam ina mamaki. Mutum an hana mai mai tun shuka, amma kumatu sai ƙyalli suka yi. Anya?" Tela ya ƙware. Ladan ya rikice, ya ga asiri zai tonu, zaure zai sake watsewa. Sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Barunje, na rantse da wanda raina..."

Kawu ya hankaɗe kwanon sha da gwiwa, ruwa ya malale a tabarma, ya kama tari yana kiran a kawo wani. Aka tashi ana kakkaɓe riguna, zance ya bi ruwa. Amma na ga fuskarsa, babu sauran wasa a cikinta, kuma bai ƙara loma ba.

Da safe ina shirin fita ya aiko a kira ni. Na same shi da rigar Juma'a.

"Mushe, kai ni likita. A yi aikin."

Na tambaye shi me ya sauya masa ra'ayi.

"Jiya saura kaɗan in sa mai kiran salla shi rantse da Allah bisa ƙarya. Don ni. Don ina tsoron wuƙa."

Na ce, ashe Kawu ya sani?

Ya yi tsaki. "Kai ma dai. Cikin garin ga wa ka gasa nama wanda ba ɗana ba? Mai tsiren tasha ni na koya mai yanka. Kullum da sahe shina zuwa gaishe ni, shi ba ni labari. Tun ran da sunka hwara na sani. Ni na ce mai shi riƙa aje musu tozo mai kyau." Ya girgiza kai. "Tsohwahhin banza. Su ɓoye ma barunje cin nama, su rasa inda za su sai wurin barunje."

Na yi dariya har na zauna. Shi bai yi ba. Ya ce ya bar su ne don zaman ya yi masa daɗi, yana cewa gobe zai yi magana, gobe zai yi magana. Amma rantsuwa ta wuce wasa.

Ranar aikin ya riƙe hannuna gam, ni ma tsoro nake ji, duk da zane-zanen da na iya. Likitan da zai yi aikin matashi ne mai fara'a, da Hausar Damagaram a bakinsa. Ana shirin tura gadon Kawu ya riƙo hannun rigarsa. "Ɗana, ji nan. In ka zo cire ta, ɗaure bakin tukun. Ka bi ta sannu, ka raba ta da hanta da bakin wuƙa. Kada ka bari ta hwashe, tana ɓata nama." Likita ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Baba, mu ma haka aka koya mana, ƙa'idar ɗaya ce." Kawu ya saki rigar ya ce to madalla, ashe a hannun ɗan sana'a yake.

Da ya farfaɗo, kafin ya tambayi Inna, abarsa ya tambaya. Aka kawo masa ita a kwalba da tsakuwoyin. Ya ɗaga ta wajen haske, ya jujjuya, ya duba wurin yankan. "Hannunai na da tsabta," in ji shi. "Da wurina ya zo, da ya yi barunje na ƙwarai." Sannan ya tambaye ni yanzu ina ɗan aike zai kai saƙo. Na ce yana nan yana sauran ayyukansa, amma rumbu ya tafi, ruwan ɗacin zai riƙa ɗiga cikin hanji kaɗan-kaɗan kai tsaye daga hanta. Zai iya cin mai, sai dai a hankali, ba irin na da ba. Dillali da ke tsaye bakin gado ya ce, "To, ka zama raƙumi." Daga ranar ya koma kiransa Amale.

Su ukun ba su fasa wasansu ba. Ya dawo gida yana jinya, suna zuwa suna cin tuwo fari, suna ba juna labarin hawan jini da gwiwa. Sun rasa ta inda za su warke. Kawu ya ƙyale su har ɗinki ya kame, likita ya ba shi izini.

Ran nan bayan magariba an girke akushi, an wanke hannu, sai aka yi sallama. Mai tsiren tasha ne, da faranti a ka. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya sauke, ya fara rabo ba tare da ya dubi kowa ba. "Malam Ladan, ga naka, tozo, awa kullum. Baba Tela, kitsen ƙoda, yaji gehe. Baba Dillali, na sa an ƙona ma shi kaɗan yadda kaka so."

Tela ya kafa wa rufin zaure ido. Dillali ya ja rawani har ya rufe idanu. Ni na cusa hannun riga a baki. Daga bayan ƙofar cikin gida sai muka ji Inna da matan gida sun fashe, ashe duk suna laɓe.

Ladan ne ya iya magana. "Barunje... tun yaushe?"

"Tun ran hwarko."

"Ka bar mu muna ta zuba, damina guda da kaka?"

"Na bar ku. Ban taɓa cin tuwon da ya kai shi daɗi ba."

Ya sa aka miƙo kwalba, ya zuba wa kowa, ya ɗiga kaɗan a gabansa. Muka zuba masa ido har ya haɗiye, muka jira, ba abin da ya faru sai gyatsa. Dariya ta ɓarke, Tela har da buga ƙafa. Ladan kaɗai bai yi ba. Hawaye ne ke bin gemunsa. Ya ce shi tunda ya girma bai taɓa shirya ƙarya ya kai ta gidan mutum ba sai wannan, kuma kullum in ya hau kiran salla tana tsaye a ransa.

Kawu ya ɗauki yankan tozo mafi girma ya sa masa a hannu, ya rufe hannun da nasa.

"Ci, Ladan. In anka tambaye ku ita gobe ƙiyama, ku ce a kira ni."

Bayan wannan ya yi shekaru masu daɗi. Ya ga auren jikoki, ya sake faɗa da Tela a kan hula, ya koya wa duk mahaucin da ya zo gaisuwa zancen ɗan aike, ko yana so ko ba ya so. Ba cikin ne ya ɗauke shi ba. Ya sha furarsa da safe, ya fito zaure ya jingina inda rana ke shigowa, Inna ta aiko a tambaye shi abin da za a dafa, aka tarar ya tafi.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka watse, na raka Ladan gida saboda idonsa ya yi rauni. Muna tafe a hankali, yana dogara sanda, har ƙofar gidansa. A nan ya tsaya ya riƙe hannuna, sai na ga yana murmushi.

"Mushe, hankalina ya kwanta. Ya riga mu isa, shi yi muna bayani."

Allah ya karɓi bayaninsa. Ya yafe masa, ya yafe musu su ukun, ya shimfiɗa musu tabarma ɗaya a Aljanna.